Kada sikirin ya yi wa ɗalibi ƙarya: haɗa darasin haske a waya da kwamfuta

Madubi ba ya ƙarya. In ka haska masa tocila a kusurwar digiri 30, a digiri 30 zai mayar da hasken, ko malamin ya iya darasin ko bai iya ba. Sikirin kuwa ɗan amshin shata ne. Duk inda ka ja layi nan layin zai bi, ko da haske bai taɓa bin wannan hanyar ba tun da aka halicci duniya. Nan ne haɗarin yake ga mai haɗa wa 'yan sakandare darasin haske, madubai da lens a waya ko kwamfuta: zane yana iya yin kyau, motsi ya yi santsi, launuka su ƙayatar, alhali abin da ake nuna wa yaro ba haka yake ba. Shi kuma yaro abin da idonsa ya gani ya fi zama masa a ka fiye da abin da aka faɗa masa.

Saboda haka kafin a buɗe wata manhaja, a fara ɗaukar takarda a rubuta kurakuran da ɗalibai ke shigowa aji da su. A wannan fannin kurakuran sanannu ne, kuma ba su da yawa. Akwai masu ɗaukar cewa ido ne ke tura wani abu waje ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ba abin dariya ba ne, manyan masana na da ma sun daɗe a kan haka kafin Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido. Akwai masu cewa hoton da ke madubi a kan fuskar gilashin yake, ba a bayansa ba. Akwai masu auna kusurwa daga fuskar madubi maimakon daga layin tsaye, wato layin da ake kafawa cak a kan fuskar, wanda littattafai ke kira nomal. Sai kuma babban cikinsu: in aka rufe rabin lens da kwali, wai rabin hoton zai ɓace. Goldberg da McDermott sun wallafa bincike a 1987 da ya nuna har ɗaliban jami'a da suka gama darasin suna faɗawa wannan ramin.

Kowane shafi da za ka gina, ka tambayi kanka wanne daga cikin waɗannan yake kora. Shafin da bai kori ko ɗaya ba, littafi ne kawai aka liƙa a sikirin, kuma littafin takarda ya fi shi daɗin karatu.

Bar lissafi ya ja layin

Ka'ida ta farko a aikin ita ce kada hannunka ya ja layin haske. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan kimar ido ba ta wadatarwa. Layin da ya shiga ruwa daga iska a digiri 30 yana karyewa ya koma digiri 22.1, kuma babu mai zana 22.1 da ka. Abin da mutane ke yi shi ne su lanƙwasa layin yadda zai fito fili, sai ka ga an zana 10 ko 12, abin da ko lu'ulu'u ma da ƙyar yake yi.

Dokar da ke riƙe da wannan ita ce n1 sin a = n2 sin r (a kusurwar shiga, r kusurwar bayan karyewa, n1 da n2 kuma lambobin da ke nuna ƙarfin karya haske na inda ya fito da inda ya shiga), wadda ake jingina wa Snell a 1621, ko da yake Ibn Sahl ya riga shi rubuta ta a Bagadaza wajen 984. A GeoGebra, manhajar zanen lissafi wadda kyauta ce, aikin bai fi na minti ashirin ba. Ka kafa sandar ja, wato abin da ake ja a canza lamba, guda uku: ta kusurwa a daga 0° zuwa 89° tana tafiya da digiri ɗai-ɗai, sai n1 da n2 daga 1.00 zuwa 2.42. Iska 1.00, ruwa 1.33, gilashin taga wajen 1.5, lu'ulu'u 2.42. Ka rubuta r = asind(n1 sin(a) / n2). Ɗigon da haske ke sauka shi ne (0, 0), inda ya taso shi ne (-5 sin(a), 5 cos(a)), inda ya nufa bayan karyewa (5 sin(r), -5 cos(r)), wanda ya dawo kuma (5 sin(a), 5 cos(a)). Ka haɗa su da layuka, ka sa kan kibiya a tsakiyar kowanne, ka mai da layin tsaye ya zama ɗigo-ɗigo. Sannan ka kulle ma'aunin tsaye da na kwance a kan 1:1. In ka manta wannan na ƙarshe, duk aikin ya tashi a banza.

Wanda ya zaɓi rubuta abinsa da JavaScript zai haɗu da tarkuna uku, kusan a jere. Math.sin radiyan take karɓa, wani ma'aunin kusurwa na daban, ba digiri ba, don haka sai an ninka kusurwar da π/180. Haka SIN ɗin Excel ma take. Na biyu, a kan canvas, wato filin zane na shafin intanet, lambar y ƙasa take ƙaruwa, ba sama ba, shi ya sa gwajin farko yakan fito a kife. Na uku ya fi su daɗi, don kuskuren ne ke nuna wurin darasi. Idan haske na fitowa daga ruwa zuwa iska kuma kusurwar ta wuce iyaka, n1 sin a / n2 zai haura 1, Math.asin ta dawo da NaN, wato «ba lamba ba», layin ya ɓace ba sallama. Ɗalibi zai ɗauka manhajar ce ta lalace. Alhali a daidai nan ne haske ya daina fita, ya dawo ciki gaba ɗaya, abin da wayar gilashi mai ɗaukar intanet ke aiki da shi ke nan. Sai ka sa sharaɗi: in adadin ya wuce 1, a ɓoye layin fita, a ƙara wa na dawowa kauri da haske, a fito da rubutu gajere.

Layin dawowar nan kuma kada ya faɗo daga sama kwatsam. A zahiri yana nan tun farko, dishi-dishi. Haske da ya faɗa kan gilashi a miƙe, kimanin kashi 4 cikin 100 yana dawowa, a ruwa kuma kimanin kashi 2, kuma yana ƙaruwa sosai in an kusanci kusurwar iyaka. Kwaikwayon Bending Light na PhET, shirin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana nuna wannan yadda ya kamata. Gaskiya ma, in abin da kake so karyewar haske ce kawai, ɗauko nasu ka gina tambayoyinka a kai ya fi maka sake ƙera sabo.

Kafin ka amince da abin da ka gina, ka gwada shi da lambobin da ka lissafa a takarda. Iska zuwa ruwa, 60 ya ba da 40.6. Iska zuwa gilashi mai 1.5, 45 ya ba da 28.1. Ruwa zuwa iska, 40 ya ba da 58.7. Kusurwar iyaka: gilashi 41.8, lu'ulu'u 24.4.

Wata ɓarnar kuma ba a lissafi take ba, a jan hoto take. An zana daidai, sai aka kai cikin PowerPoint aka ja gefensa don ya cika shafi. Hoton da aka tsara a 4:3 aka buɗe shi zuwa 16:9, layin da ke digiri 45 daga layin tsaye zai koma 53. Garin gyaran gira an rasa ido. Kullum daga kusurwa ake jan hoto, tare da kulle tsayi da faɗi. Wasu majigin ma da kansu suke buɗe hoton, sai a duba saitinsu.

Lens, inda aka fi tafka kuskure

Lens mai tara haske yana da ɗigon da yake tara hasken da ya zo masa a jere, mu kira shi matara, nisansa daga lens kuma f. Ka ɗauki f = 10 cm, don lissafin ya zo wa yara da sauƙi. Da 1/f = 1/u + 1/v, inda u nisan abu ne daga lens, v kuma nisan hoto, abu a nisan 30 zai ba da hoto a 15, rabin girma, a kife. A 20 hoton yana 20, girma ɗaya. A 15 hoton yana 30, ninki biyu. A 5 kuma v ta zama -10: hoton yana gefen da abin yake, a tsaye, ninki biyu, ido na ganinsa amma ba ya sauka a kan takarda.

Tsakanin 15 da 5 ne kwaikwayo ke rikicewa. A u = 11 hoton yana 110 cm, a 10.5 yana 210, a 10 daidai kuma babu shi, an raba da sifili. In faɗin filin zanenka 80 cm ne, hoton zai fice ta dama, ya ɓace, can kuma ya ɓullo ta hagu. Yaro zai ga kamar siddabaru. Maganin shi ne ka bar layukan suna nan ko hoton ya fita, ka sa 'yar kibiya a bakin sikirin ɗauke da nisan da hoton yake, ka kuma rage takun sandar ja zuwa 0.5 a wannan yankin don ya ga lambar tana gudu. A u = 10 ka nuna layukan suna fita a jere, ba sa haɗuwa. Wannan shi ne bayanin, ba sai an ƙara magana ba.

Layuka uku da ake koyarwa, mai zuwa a kwance ya bi ta matara, mai ratsa tsakiya bai karye ba, da mai bi ta matarar gaba ya fita a kwance, dabarar zane ce kawai. An zaɓe su ne don an san inda za su bi ba tare da lissafi ba. Amma da yake su kaɗai ɗalibi ke gani shekara da shekaru, sai ya ɗauka su ne ke ɗauke da hoton, shi ya sa yake cewa in an tare na sama, saman hoton zai tafi. A nan ne kwamfuta ta fi allon aji nesa ba kusa ba. Ka sa maɓalli da zai fito da layuka 15 ko 20 daga ɗigo ɗaya na kan abin, su bazu su cika fuskar lens, duk su sake haɗuwa a ɗigo ɗaya. Ka ƙara kwali da ake ja da yatsa ya rufe lens daga sama. Yana jan kwalin, layuka na raguwa, hoton na dusashewa, amma cikakke yake daga kai har ƙafa. In da abu ɗaya tak za a ba ni damar ginawa a duk fannin, wannan zan gina.

Ka kuma tsaya kan tsarin alama ɗaya. Wasu littattafai 1/f = 1/u + 1/v suke bi, hoton gaske, wato mai sauka a kan takarda, ya ɗauki alamar tarawa; wasu kuma 1/v - 1/u = 1/f, inda u ke ɗaukar alamar ragewa. Duka daidai ne, amma gauraya su a darasi ɗaya tufka da warwara ce. Ka bi wanda ke cikin manhajar jarrabawar ɗalibanka, kuma ka binciki duk kwaikwayon da ka aro kafin ka saka.

Madubi shimfiɗaɗɗe ba ya buƙatar dogon aiki. Ka zana ido a cikin hoton, kullum, kibiya na shiga cikinsa. Layukan bayan madubi su zama ɗigo-ɗigo, don haske bai je can ba. Tambaya mai kyau a nan: mai tsayin 160 cm, madubi mai tsayin nawa zai ga duk jikinsa a ciki? Amsar 80 ce, ko ya matso ko ya ja baya, kuma yawancin yara za su rantse cewa ja da baya na taimakawa har sai sun ja mutumin da yatsarsu.

Launi yana da nasa rikicin. Sikirin ba shi da rawaya. Ja, kore da shuɗi kawai yake da su, ƙanana a jere, kuma in ka ɗora gilashin ƙara girma a kan farin shafi za ka gan su. Rawayar sikirin ja ce da kore tare, ba hasken nanomita 580 ba, ido ne ke kasa bambance su. Wannan kansa darasi ne. Sai dai in ka zana da'irar ja da ta kore masu shara-shara ka ɗora su kan juna a manhajar gabatarwa, abin da zai fito launi ne mai duhu kamar laka, don manhajar matsakaici take ɗauka, ba tarawa ba. Haɗa haske yana son baƙin fili da saitin gauraya launi na shafin intanet, mix-blend-mode: screen. Haɗa matatun launi kuma yana son farin fili da multiply. Firizim ma, gilashin nan mai kusurwa uku da ke raba farin haske zuwa launuka, ana yawan zuzuta shi. A gilashi na yau da kullum n tana tashi ne daga kimanin 1.51 a ja zuwa 1.53 a shunayya, don haka a firizim mai digiri 60 tazarar da ke tsakanin ja da shunayya ba ta kai digiri 2 ba. Dole a buɗa ta a zane don a gani, amma a rubuta a ƙasa cewa an ƙara buɗin da gangan. Kada kuma ka dogara da launi kaɗai wajen bambance layuka, musamman ja da kore, don a wasu al'ummomi namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe su da kyau. Harafi ko salon layi ya raka launin.

Bidiyon gwajin gaske

Kwaikwayo, komai kyansa, abin da mutum ya tsara ne. Ɗalibi na bukatar ganin haske na gaske yana yin abin, don haka kowane kwaikwayo ya samu gajeren bidiyo a gefensa. Kayan ba su da yawa: lesa mai ƙarfi ƙasa da miliwat 1, wato aji na 2, dunƙulen roba mai garai-garai mai siffar rabin da'ira, da takardar da aka buga ma'aunin kusurwa na digiri 360 a kanta. Rabin da'ira ake so saboda hasken da aka nufa tsakiya yana shiga ta gefen lanƙwasa a miƙe, bai karye ba, karyewa ɗaya ce tak a gefen da ke shimfiɗe. Tsakiyar gefen nan sai ta hau daidai kan tsakiyar takardar. In ta goce da milimita biyu ko uku, duk karatun ya goce. Irin wannan robar tana da n wajen 1.49, don haka hasken zai daina fita kusa da digiri 42. A guji korayen lesa marasa tabbas, da yawansu sun fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, kuma ba a haska kowace iri a saitin ido ko kan abu mai sheƙi.

Haske ba ya ganuwa daga gefe sai ya bugi wani abu. A kan takarda, ka ɗan sunkuyar da lesar ta riƙa shafar takardar. A cikin kwandon gilashi mai ruwa, tsoma bakin burushi mai farin fenti na ruwa sau ɗaya ya isa lita biyu. In ka zuba da yawa, layin zai mutu kafin ya kai tsakiya.

Kamara ta tsaya daidai saman takardar, a ɗaure, ba a hannu ba. In ta karkata da digiri 30, hoton zai matse ta gefe ɗaya, kusurwar 45 ta fito kamar 41 ko 49. Ka ɗaga wayar sama ka ɗan zuƙo hoton, ya fi ka kusanto da ita, don gefen hoton waya yana lanƙwasa miƙaƙƙen layi. Ka danna sikirin ka riƙe har hasken kamara da saitin gani su kulle, in ba haka ba duk motsin lesa sai hoton ya yi ta haske da duhu. Kada a kashe fitila duka. A bar ɗan haske da zai sa a karanta lambobi, kuma bidiyo mai baƙi ƙirin yana yin dabbare-dabbare in an matse shi.

Bidiyon kada ya yi tsawo. Binciken da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna masu kallo na raguwa sosai bayan minti 6, kuma gwaji ɗaya bai ma buƙatar fiye da minti 2 ko 3. Abin da ya fi tsawon muhimmanci shi ne tsayawa. Da H5P, manhajar haɗa darasi mai tambayoyi, ana dakatar da bidiyo a saka tambaya: hannu ya ɗauko kwali zai rufe rabin lens, sai hoto ya tsaya cak, me zai faru? Ba za a ci gaba ba sai ya zaɓa. Yaron da bai yi hasashe ba, in ya ga sakamako zai ce ai dama ya sani.

Tambayoyi masu maka da kansu

Amsoshin ƙarya da za ka jera kada su zama na cike gurbi. Kowacce ta fito daga wani kuskure, kuma ta zo da nata martanin. Haske ya shiga ruwa a digiri 30: wanda ya samu 41.7 ya kifar da n, ya ninka maimakon ya raba. Wanda ya samu lamba mai alamar ragewa, kwakuletarsa na kan radiyan. A faɗa masa haka, kada a ce masa «ba daidai ba» kawai.

Ga wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ya watsar da sin gaba ɗaya ya raba 30 da 1.33 zai samu 22.6, amsar gaske kuma 22.1 ce. In ka ba da sassaucin rabin digiri, ya ci maki da gurguwar hanya. Ka yi amfani da babbar kusurwa: a 60, hanyar gaske na ba da 40.6, gurguwar 45.1, ba su haɗa hanya ba. Sassaucin kuma dole ne, don wanda ya ɗauki n ta ruwa 1.33 zai samu kusurwar iyaka 48.8, wanda ya ɗauki 1.333 ya samu 48.6, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Batun tattara kaya gajere ne. Duk abin da aka yi da Flash ya mutu tun ƙarshen 2020, HTML5 ake yi yanzu. Kwaikwayon PhET ana sauke kowanne a fayil ɗaya ya yi aiki ba intanet, manhajar Lumi kuma tana fitar da aikin H5P a irin wannan sigar. Zane a adana shi a SVG don kada ya dushe in an buɗa. Bidiyon minti 3 a 720p, in an matse shi da manhajar HandBrake zuwa megabit 1 a daƙiƙa, zai tsaya wajen megabait 22. A duba cewa salon rubutun yana ɗauke da θ da ° da ƙ, ɗ, ɓ, in ba haka ba akwatuna za su fito a gurbinsu. Noto Sans da Andika suna da su.

Gwaji na ƙarshe a ƙaramar waya ake yinsa, mai faɗin fiksel 360, ba a kwamfutar da aka gina abin ba. Wurin taɓawa ya kai fiksel 44, kuma mariƙin da ake ja ya kasance can ƙarshen layi, don yatsa na rufe daidai ɗigon da ake son a kalla. Layuka su kai kaurin fiksel 3, siririn layin rawaya ba ya fita a majigi da rana. Ka ba ɗalibai uku ko huɗu su gwada, ka zauna a bayansu ka kame bakinka, ka rubuta duk inda yatsa ta tsaya tana laluɓe. Daga nan ka ɗauko ma'aunin kusurwa na roba, ka saita sandar ja a 30, ka ɗora shi a kan fuskar wayar ka karanta, sannan ka je bangon da majigi ke haskawa ka sake aunawa a can.